Freedom Rediyo A Kunnen Matar Cikin Gida

 

Abin da ya sa na ɗauki biro a kan wannan magana shi ne, kwanakin baya muna share ɗakin Inna, wato kakata da ta haifi babanmu, bayan an yi sadakar arba'in ɗinta, sai muka ci karo da tsohon akwatin rediyonta a ƙarƙashin gado an naɗe shi da ɗankwali. Eriyarsa ta karye an ɗaure da waya, murfin batir kuwa tun ina yarinya da tsumma ake ɗaure shi. Da na juyo fuskarsa sai na ga ɗan jan layin nan na neman tasha yana tsaye daidai inda ta bar shi, tsakanin 99 da 100. Akwai ɗigon jan farce a wurin, kuma ni ce na ɗiga mata shi da hannuna tun ina 'yar sakandare, domin kullum yara sai sun juya mata ta kasa komawa. Wallahi ban san sa'adda na zauna a bakin gadon ba. Wannan ɗigon shi ne 99.5, tashar Freedom ta nan Kano, kuma a kansa Inna ta yi shekara kusan ashirin na ƙarshen rayuwarta. Shi ne na ce bari in ba ƙannena labarin yadda wannan tasha ta zo, don na lura yawancinku kun taso ne kun tarar da ita, kuna zaton haka duniya take tun fil azal.

Inna ta sha ba mu labarin ranar da ta fara jin rediyo. Ta ce tana yarinya ƙarama an ɗora mata tallan dakuwa, ta biyo ta wajen fada sai ta ga maza sun yi cincirindo a gindin wani bango, bangon yana magana. Ta ce sakin farantin ta yi ta ruga gida tana salati, aka haɗa mata da duka saboda asarar dakuwa. Da na girma na bincika sai na gane ba tatsuniya take mana ba. A 1944 ne ma'aikatan gidan waya na Turawa suka fara kafa lasifika a wasu bangaye na cikin birni, irin su wajen majalisar Sarki da gidan waya da ɗakin karatu, ana turo magana ta cikin waya kamar yadda ake jan wuta. Daga baya masu hali suka rinƙa biyan kuɗin wata ana jawo musu wayar har gida a maƙala akwati a bango. Wannan akwatin ba a canza masa tasha, abin da aka turo shi za ki ji, iyakarki ki ƙara murya ko ki rage. Lokacin ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu ne, kuma tun kafin nan an ɗauki Malam Bello Dandago na Kano da Malam Isa Kaita an kai su birnin Ankara, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, suna karanto labarin yaƙi da Hausa. Shi ya sa har yau kike jin ana ce wa gidan Rediyon Kano Gidan Bello Dandago.

To daga nan abubuwa suka yi ta zuwa. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyon Kaduna a 1962, Jamus ta biyo baya a 1963, Amurka kuma sai a 1979. Rediyo mai batir ya yi araha, ya bar zaure ya shigo tsakar gida, ya zama har cikin kayan ɗakin amarya akan sa shi. Duk wadda ta san zaman kulle na wancan zamani ta san abin da wannan akwati ya zame wa iyayenmu. Mace tana tsince shinkafa tana jin Samanja, tana dakan fura tana jin Zaɓi Sonka, da dare kuma in an yi sa'a maigida ya bar mata shi ta ji ana karanta littafi a Shafa Labari Shuni. Ni kaina a nan na fara sanin cewa ashe mutum ne irina yake zama ya rubuta labari, ba daga sama yake faɗowa ba.

Amma ki lura da wani abu guda, 'yar uwa, domin shi ne kan maganata. Duk tsawon shekarun nan, tun daga bangon da ya tsorata Inna har zuwa girmanmu, akwatin nan shi ke magana mu muna ji. In mace tana son a ambaci sunanta sai ta sayi katin gaisuwa, ta nemi mai rubutu in ba ta iya ba, ta nemi kuɗin kan sarki, ta nemi yaron da zai kai gidan waya, sannan ta zauna jiran mako biyu ko uku, wataƙila a karanta ranar da ta tafi unguwa. Kuma abin da za ta iya cewa bai wuce tana gaida maigida da uwar miji da ƙawarta ta Gusau ba. Ban taɓa jin wadda ta rubuta a katin Zaɓi Sonka cewa famfon unguwarsu ya yi wata shida babu ruwa ba, in ma ta rubuta wa zai karanta?

Dalili kuwa shi ne duk gidajen rediyon ƙasar nan na gwamnati ne a lokacin, ko ta tarayya ko ta jiha. Wanda yake kan kujera shi ke da bakin akwati. Shi ya sa duk sojan da ya tashi juyin mulki gidan rediyo yake fara nufa, har Inna ta kan ce in ta kunna da safe ta ji badujala babu magana, ba ta jiran bayani sai ta aika a kwaso yara daga makarantar allo. Haka ta yi ranar 13 ga Fabrairu 1976 da aka kashe Janar Murtala. Kuma shi ya sa a tarzomar 10 ga Yuli 1981, bayan takardar tuhuma da gwamnatin Abubakar Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero, gidan Rediyon Kano yana cikin wuraren da aka banka wa wuta, domin mutane ba su ɗauke shi nasu ba, bakin gwamna suka ɗauke shi.

Sai a 1992 gwamnatin Janar Babangida ta fito da doka mai lamba 38 wadda ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talbijin, wato NBC, ta kuma halatta wa ɗan kasuwa ya buɗe nasa. A 1994 Raymond Dokpesi ya buɗe Raypower a Legas. Mu a nan sai muka yi kusan shekara goma muna jira. Ba wai babu FM a Kano ba ne sam, Rediyon Kano yana da tasa, Raypower ma ta zo ta buɗe reshe, amma a gidanmu dai ana ce musu na 'yan boko, don in kin murɗa kiɗan Turawa da Turanci za ki fi tararwa. Inna ba ta ko leƙa wannan layin, maɓallinta kullum yana kan matsakaicin zango ko gajere.

Ana haka sai abu biyu suka haɗu a lokaci guda, kuma ni a ganina in da ɗaya ya zo babu ɗaya da labarin bai zama haka ba. Na farko wayar salula ce, wadda ta shigo a watan Agusta 2001. Da farko ta masu kuɗi ce, layi kaɗai ya kai naira dubu 20, kira kuma naira 50 kowane minti ko da sallama kawai kika yi. A watan Agusta 2003 kamfanin Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi dole, kuɗin layi ya rinƙa zubewa, 'yan lema suka cika bakin titi da tebur da waya. Na biyu kuwa, ranar 1 ga Disamba 2003, kwana kaɗan bayan ƙaramar sallah, sanyi ya fara bugawa, Freedom Rediyo ta fara aiki daga unguwar masana'antu ta Sharaɗa a kan 99.5. Alhaji Bashir Dalhatu, Wazirin Dutse, lauya kuma tsohon minista, shi ne jagoran kafa ta. Ita ce tasha mai zaman kanta ta farko da ɗan Arewa ya kafa a Arewa, ta kuma yi wa kanta kirari da Muryar Jama'a.

Yayana ne ya shigo da labarin daga makaranta, ya ɗauki akwatin Inna ba da izininta ba ya tura maɓallin zuwa FM. Tana shirin yi masa faɗa sai murya ta fito tar, Hausar Kano tsantsa, kamar mutumin yana zaune a kan tabarmarmu. Mu da muka saba da BBC tana zuwa tana tafiya kamar iskar damina, ana riƙe eriya ana karkata kai, abin ya ba mu mamaki ƙwarai. Daga baya wani malaminmu na kimiyya ya yi mana bayani a aji cewa gajeren zango sama yake tafiya ya daki wani rufi na sararin samaniya ya dawo ƙasa, shi ya sa yake zuwa daga Landan amma yana rawa. Ita kuwa FM miƙewa take daga kan dogon ƙarfen tasha zuwa gidanki, ba ta da nisan tafiya amma ba ta da shashsheƙa. Na riƙe wannan bayani domin a cikinsa sirrin yake. Tashar da ba ta nisa dole ta yi maganar kusa. Ba za ta cika miki kunne da labarin majalisar Ingila ba alhali masu jin ta suna Kurna da Ɗorayi da Brigade, dole ta yi maganar kwata da farashin gero a Dawanau.

Ko sunayen shirye-shiryenta ma sun isa su nuna miki da wa take magana. Kowane Gauta, In Da Ranka, Kowa Ya Tuna Bara, Mu Leƙa Mu Gano, Barka Da Hantsi. Rabin karin magana ake faɗa a bar miki ki cike sauran da kanki, kuma babu matar da ba ta san cewa kowane gauta ja ne sai dai in bai sha rana ba. In Da Ranka kuwa, wanda Nasiru Salisu Zango ya daɗe yana gabatarwa, shi ne ya zama kamar tuwon dare a gidaje. A unguwarmu in lokacinsa ya yi kina iya tafiya daga bakin layi har ƙarshe ba ki rasa kalma ɗaya ba, don kowane gida shi ake ji.

Ba zan manta ranar da Inna ta fara buga waya ba. Wajen 2005 ne, kawunmu ya zo daga Abuja da wayarsa, ana wani shiri da rana ana maganar tsadar ruwa. Tana ta mita ita kaɗai tana ba akwati amsa kamar yadda ta saba, sai kawu ya ce, "Inna, maimakon ki faɗa mana, ga su nan ki faɗa musu." Ta ce ya raba ta da shashanci. Ya yi ta dannawa layi a cike, har sau wajen goma sha, can sai ga shi ta shiga, ya manna mata a kunne. Ta yi sallama, sai ga sallamarta ta fito daga akwatin da ke gabanta tare da wata ƙara mai tsinka kunne. Mai gabatarwa ya ce, "Hajiya, a taimaka a rage sautin rediyo." Ta rikice ta ce, "Ɗan nan, wace ce wannan take kwaikwayona?" Mu kuwa dariya har da faɗuwa. Amma da ta nutsu sai ta zayyana musu nawa 'yan garuwa suke sayar da jarka a layinmu da kuma rabon famfonmu da ruwa, ba ta yi ko tuntuɓen harshe ba. Kafin la'asar mata huɗu sun aiko yara a tambaya ko Inna ce suka ji. Ruwa dai bai zo ba a wannan shekarar, kada in yi miki ƙarya. Amma matar da ta yi shekara sittin tana saurare, ranar an saurare ta, kuma har ta rasu tana ba da labarin.

Ba a daɗe ba masu mulki suka gane abin da ya shigo gari. A watan Maris 2006, lokacin da ake ta rigimar tazarcen Shugaba Obasanjo, hukumar NBC ta hana Freedom watsa shiri daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, ta dakatar da shirye-shiryenta na siyasa, ta kuma ci ta tarar naira dubu 200, a kan cewa baƙi da masu bugo waya suna sakin baki ba a tsawata musu. Ki dubi lokacin da aka zaɓa, daidai sa'adda maza suka dawo daga kasuwa mata sun sauke tukunya. Kwanaki kaɗan aka janye hukuncin, a ranar 16 ga Mayu na shekarar kuma majalisar dattawa ta binne maganar tazarce. Abin da na fi tunawa a wannan ɗan tsakanin shi ne Inna tana ta jijjiga akwatinta da magariba tana cewa batir ne ya mutu, ta sa aka sayo sabo har sau biyu.

Daga nan tashoshi suka yi ta tsirowa kamar ciyawar farkon damina. Freedom ta haifi ƙanwarta Dala FM a kan 88.5, ta buɗe rassa a Dutse da Kaduna. Ga Pyramid ta gwamnatin tarayya, ga Rahama, ga Wazobia, ga Express, ga Arewa, har mutum ya kasa ƙirgawa. Wayar hannu ma ta zo da rediyo a cikinta, budurwa tana wanke-wanke da abin ji a kunne uwa tana ta kira ba ta ji. Ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012 da bama-bamai suka tashi a Kano, mutum fiye da 180 suka rasu aka kuma hana fita dare da rana, babu abin da ya haɗa mu da waje sai waɗannan tashoshi, a nan ake cigiyar waɗanda ba su dawo ba. Haka a kullen korona na 2020, ta rediyo yaranmu suka rinƙa ɗaukar darasi. Amma abin da yake da kaifin yanka nama yana da kaifin yanka hannu. Ranar 8 ga Fabrairu 2013 aka harbe mata tara masu aikin allurar shan inna a nan Kano, bayan haka 'yan sanda suka kama wasu ma'aikatan Wazobia saboda wani shiri da aka yi a kan allurar kwana biyu kafin nan, hukuma kuma ta dakatar da lasisin tashar. Ba ni ce alƙali ba, kuma ban ce maganar rediyo ce ta ɗauki bindiga ba. Na dai san tun daga ranar na daina ɗaukar abin da ake faɗa a akwati a matsayin hira kawai.

To yanzu bari in zo inda yake min ƙaiƙayi. An buɗe ƙofa an ce kowa ya shigo ya yi magana, su wa suka shiga? Ki kasa kunne daren yau ki ƙirga. Filin siyasa maza ne suka cika shi, har aka samu sabuwar sana'a da ake kira sojojin baka, mutum ba shi da aiki sai ya bi gidajen rediyo yana wanke ubangidansa yana yaɓa wa abokin hamayya baƙi, gobe in an fi biya a can ya koma can. Mu kuwa, in ka cire 'yan jaridarmu mata da malamai da likitoci da ake gayyata, Allah Ya saka musu, yawancinmu har yanzu katin Zaɓi Sonka muke aikawa, sai dai yanzu da baki. Ina gaida maigidana, ina gaida aminiyata, a sa min waƙa. Ba laifi ba ne gaisuwa, ni ma ina yi. Amma in an zo maganar kuɗin makaranta, ko maganin da babu a asibitin haihuwa, ko sakin da ake yi wa mata da goyo, sai ki ji maza biyar sun bugo a jere suna bayyana abin da ke damun mata. Wata za ta ce maigida ne ba ya so a ji muryarta, wata kuma kunya, wata ta ce kati ne babu. Duk gaskiya ne. Akwai kuma dalili na huɗu wanda ya fi su nauyi, shi ne na gani a kan 'yar goggona.

Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan kuma faɗi tashar da ta je ba, don su ba su yi mata komai ba sai alheri. Mijinta ya tafi kudu neman kuɗi ya bar ta da yara huɗu a ɗakin haya, shekara biyu ba aike ba waya, ba saki ba aure. Danginsa suka ce su ma ba su san inda yake ba, alhali an ce ana ganin ƙaninsa da sabon babur. Tana wankau tana kitso suna ci, har ƙaramin ya kwanta ciwon da likita ya ce sai an yi aiki, aka yanka mata kuɗin da ko ta sayar da duk abin da ke ɗakinta ba zai kai rabi ba. Ta zagaya dangi, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, bai kai ba. Ranar da ta zo gidanmu ta ce za ta je gidan rediyo, tsakar gidan nan rabuwa ya yi biyu. Goggo tana kuka tana cewa, "Ke yanzu tallan kanmu za ki yi a duniya? Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Babanmu ya yi shiru yana kallon ƙasa, don ya san abin da ya bayar bai kai ba. Inna ce ta yanke magana, ta ce, "Ku da kuke da asirin da za a rufa, ku kawo kuɗin aikin a rufa. In babu ku bar yarinya ta tafi." Ni ce na raka ta, muka hau A Daidaita Sahu ba mai ce wa wani uffan.

An karɓe mu da mutunci, an duba takardun asibiti, an tambaye ta ko tana so a sakaya sunanta ta ce e. An sakaya. Amma 'yar uwa, ana sakaya suna, ba a sakaya murya. Daren da aka sa maganar, kafin a gama shirin wayar goggo ta fara ƙara. Cikin kwana uku bayin Allah da ba su san ta ba suka haɗa kuɗin aikin har da ragowa, wani ɗan kasuwa ya biya mata hayar shekara, wata hajiya ta aiko da keken ɗinki. Yaron nan yanzu yana aji biyu na sakandare, in kin gan shi yana ƙwallo ba za ki ce shi ne ba. A cikin mako guda kuma mijin da aka ce ba a san inda yake ba ya san inda take, ya aiko da takarda, saki uku a layi ɗaya, wai ta tona masa asiri a gari. Uwarsa ta aiko a kwashe mata yara biyu manya. Matan layinsu da suka san halin da take ciki shekara biyu ba su ce komai ba, su ne suka sa mata suna ta gidan rediyo, har yau in za a yi kwatancenta haka ake cewa. Wani da ya fito neman aurenta daga baya, danginsa suka ce ba za su ɗauko mai kai ƙara rediyo ba.

Na sha juya wannan magana a raina, na ma taɓa fara rubuta ta a littafi na ajiye don na kasa samun ƙarshen da zan ba ta. Namiji zai shiga tasha ya zagi gwamna da sunansa, ya fito ana tafa masa ana ce masa gwarzo. Mace ta shiga ta ce ɗana zai mutu, ba ta ambaci sunan kowa ba, ta fito da tabon da ba ya gogewa. Ni dai in an tambaye ni ina bayan Inna, kuma da za a maimaita zan sake raka ta. Amma ba zan ce wa kowace mace ta tashi ta tafi ba tare da ta san farashin ba, domin na ga wadda ta biya. In akwai dattijon da zai iya tsawatarwa a dangi, ko mai unguwa, ko Hisba, ko kotu, a fara da su. In kuma duk an bi an rasa, to kada wadda ba ta kawo ko sisi ba ta buɗe baki ta ce an yi abin kunya.

Yanzu ma abin ya ƙara wani salo, don tashoshin sun koma suna sa shirye-shiryensu a Facebook da YouTube, ga murya ga fuska. A zamanin da 'yar goggona ta je, magana in ta fita ta bi iska, wanda ya ji ya ji. Yau kuwa ajiye ta ake yi, ana turawa daga waya zuwa waya, yaron da aka nema wa taimako yana iya girma abokansa su nuna masa uwarsa tana kuka. Saboda haka duk wadda larura ta kai ta, ta buɗe baki tun kafin a kunna na'ura ta ce ba ta yarda a ɗauki fuskarta ba, haƙƙinta ne, kuma ta tafi da wani nata mai nutsuwa.

Da aka zo rabon 'yan kayan Inna, ba wanda ya kula da akwatin, ƙannena har suna cewa a ba 'yan gwangwan. Na ce ni ina so. Ina cikin naɗe shi sai 'yar goggon nan tawa ta dafa hannuna ta ce, "Don Allah ki bar min." Na miƙa mata. Ta aiki yaron nata, shi wanda aka yi wa aikin, ya sayo manyan batir guda biyu a kantin bakin layi, muka kwance tsumman muka zuba. Sai da ta ɗan bubbuga shi a tafin hannu kamar yadda Inna take yi sannan ya kama, ana tsakiyar sanarwar ɗaurin aure.